Kurakuran da ake yi wajen zaɓen ƙaramar bindigar ɗauka a jiki a Amurka

Wannan bayani na mazauna Amurka ne, inda doka ta yarda farar hula ya ɗauki fistol a ɓoye cikin tufafi. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba (bindigar hannu mai gidan harsashi mai juyawa) cikin haramtattun makamai, don haka maganar zaɓe ma ba ta taso ba. A Amurkar ma ba kowa ba ne. Dokar tarayya ta hana dillali mai lasisi sayar da bindigar hannu ga wanda bai kai shekara 21 ba; wanda ya kai ma sai an cike takardar gwamnati mai lamba 4473 an binciki tarihinsa, kuma mai bizar karatu ko ziyara a bisa ƙa'ida ba shi da izinin mallaka, sai a wasu keɓaɓɓun halaye. Fiye da rabin jihohi sun daina neman lasisin ɗauka, amma New York da Kalifoniya na nan kan bakarsu. Lasisin wata jiha ba lallai ya yi aiki a maƙwabciyarta ba, kuma gidan waya da ofisoshin gwamnatin tarayya ba a shiga da bindiga ko da lasisi.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne ɗauka cewa ƙaramar bindiga ita ce mai sauƙi. Ga ido haka take. A hannu kuwa akasin haka ne. Ƙarfin da harsashi ke fita da shi, shi ne ke dawowa hannun mai harbi, kuma nauyin bindiga ne ke shanye wani ɓangare nasa. Ruger LCP ba ta kai giram 300 ba, ƙotarta yatsu biyu kawai take ɗauka, ɗan ƙaramin yatsa yana lilo a iska. Ana harbawa sai ta yi tsalle, bayan harsashi talatin tafin hannu ya fara zafi. Wanda ya ji zafi sai ya fara noƙe hannu tun kafin harsashi ya fita, saiti ya karkace ƙasa, daga nan ya daina zuwa atisaye gaba ɗaya. Glock 19 ta ninka ta nauyi har da ɗori, tana cin harsashi 15, amma ta fi ta daɗin harbi nesa ba kusa ba. Tsaka-tsaki irin su Glock 43X ko SIG P365, masu cin goma-goma, su ne galibi ke daidaita ɓoyewa da riƙo. Gwajin mai sauƙi ne: in yatsu uku na ƙasa ba su zauna a ƙota ba, ko kuma sai an murɗe hannu kafin manuniya ta kai ga kunama, ba taka ba ce.

Daga nan sai zancen libarba. Masu kanti da yawa na miƙa wa tsofaffi da mata ƙaramar libarba mai harsashi biyar, irin Smith & Wesson 642, wai ba ta da rikici. Gaskiya ne ba ta da abin ja ko madanni. Sai dai kunamarta na buƙatar nauyin da ya kai kilo biyar kafin ta tashi, alhali ita kanta bindigar ba ta kai rabin kilo ba. Wato kana jan abin da ya ninka nauyinta sau goma, kuma ana so kada bakinta ya motsa. Kunamar Glock kusan kilo biyu da rabi ce. Mai ciwon gaɓoɓi a yatsu ya gwada jan kunamar libarba sau goma a jere, babu harsashi, da kowane hannu. In ya gaza a na shida, magana ta ƙare.

Wasu kuma suna gudun fistol don sun kasa jan silaid, wato murfin sama da ake ja baya a ɗora harsashi. Sau da yawa dabara ce babu, ba ƙarfi ba. Kada a tsunkule shi ta baya da yatsu biyu. A kife tafin hannun hagu a kan bayansa ba tare da rufe ƙofar da kwanso ke fita ba, a matso da bindiga kusa da ƙirji bakinta na kallon inda ba kowa, sannan a tura ƙota gaba da hannun dama da ƙarfi ɗaya. Kada a raka silaid ɗin a hankali, a sake shi ya koma da kansa. In duk da haka ya gagara, akwai waɗanda aka ƙera don wannan. Shield EZ ta Smith & Wesson, da ta fito a 2018 da harsashin .380, tana da sifirin mai laushi da 'yan kunnuwa a jikin magazin, wato gidan harsashi da ake cirewa, da ke sauƙaƙa loda harsashi. Amma tana da makulli a bayan ƙota, wanda in ba a riƙe ta sama sosai ba, ba za ta tashi ba.

Riƙon sako-sako ma na jawo matsala. Silaid na buƙatar hannu ya tsaya ƙyam kafin ya kammala tafiyarsa. In wuyan hannu ya yi laushi, kwanso kan maƙale a ƙofa yana tsaye kamar bututun hayaƙi, sai a ɗora wa bindiga laifi.

Kada a saya don wani ya yaba. Filayen koyon harbi da yawa na ba da haya. A zaɓi uku, a harba hamsin-hamsin a kowace, a nisan mita biyar zuwa bakwai, a duba wacce ta tara ramuka wuri ɗaya. Bayan an saya, a ci aƙalla harsashi 200 da ita, har da kwali ɗaya na ainihin wanda za a riƙa ɗauka, domin wasu bindigogin na tuntuɓe da harsashi mai rami a baki.

Kube kuwa shi ake mantawa a lissafin kuɗi. Jefa bindiga tsirara a aljihu ko jaka, tare da makullai da biro, neman masifa ne. Kuben kirki mai tauri ne, an ƙera shi daidai da samfurin, ya rufe kunama ruf ta ɓangarorin biyu, kuma bakinsa ba ya rufewa in an zare. A haɗa da bel mai ƙarfi. Lokacin mayar da bindiga kube ne ake yawan harbin kai a cinya, in gefen riga ya shige gidan kunama. A janye riga, a kalli kuben da ido, a mayar sannu a hankali. Masu sa kaftani ko doguwar riga su fi kowa kula da wannan.

Cire magazin ba ya nufin bindiga ta zama fanko, akwai harsashi ɗaya da ke iya zama a ciki. Magazin ake fara cirewa, sannan a ja silaid a kulle shi baya, a leƙa, a taɓa da yatsa. Wannan ya fi muhimmanci a Glock, wadda sai an ja kunama ake kwance ta don wanki. In an dawo gida, daga ƙugu sai akwatin ƙarfe mai makulli, ko da yara ba sa nan ranar.