Kurakuran ajiyar kaya da tufafi ga mai kwana a gadon lilo a daji

A doguwar hanyar ƙafa ta Appalachian Trail a Amurka, wadda ta taso daga jihar Jojiya ta ƙare a Maine, kusan kilomita 3,500 cikin jihohi 14, matafiya da yawa sun ajiye tanti sun koma kwana a gadon lilo. Hanyar kurmi ce, bishiya ko'ina, ƙasa kuwa duwatsu da saiwoyi da gangare. Ka samu bishiya biyu masu tazarar mita 4 zuwa 5, ka ɗaura gadonka, ka ja tamfol a sama, ka samu makwanci. Matsalar tana zuwa ne daga sabo. Tanti yana da daɓe, mutum ya shiga ya watsa kayansa gefe ya ja zif. Gadon lilo ba shi da daɓe, kuma kusan duk ɓarnar da sabon shiga ke yi wa kayansa daga mantawa da wannan take tasowa.

Abin da aka fi yi shi ne jibge jakar goyo a ƙasa, ƙarƙashin gadon, da tunanin ai tamfol ya rufe ta. Tamfol ruwan sama kawai yake tarewa. Wanda ya sauka ya kama gudu a gangare ba ruwansa da tamfol, ta ƙarƙashinka zai bi, ga kuma feshin laka da ke tashi daga bakin tamfol idan ruwa ya yi ƙarfi. Da safe gindin jakar ya jiƙe sharkaf, kuma galibi a gindin ne ake cusa tufafi. Gyaran shi ne ɗaga jakar daga ƙasa. Wasu suna maƙala ta da ƙugiya a madaurin gadon ta wajen ƙafa, inda tamfol ya rufe. Wasu suna ɗaura ƙaramin lilo na kaya a ƙarƙashin babban, ya zama kamar ragayar da iyayenmu mata ke rataye ƙwaryar nono a ɗaki. A ganina wannan ya fi, don hannu yana kaiwa kana kwance. In kuwa dole jakar ta kwana a ƙasa, a zura ta cikin babbar leda mai kauri irin ta shara, a murɗe bakin a juya shi ƙasa, a ɗora kan tudu ko faffaɗan dutse, ba cikin kwari ba.

Rataye jakar ma yana da nasa tarkon, kuma shi ne wanda mutane ba sa gani sai sun kwana cikinsa. Ruwan da ke zuba a jikin bishiya yana kama madaurin gado ya biyo shi a hankali, ɗigo bayan ɗigo, ya shigo ƙarƙashin tamfol har ya iso ƙyallen gadon. Duk abin da aka rataye a kan madaurin, shi zai fara sha. Maganin ɗan guntun zare ne, ko igiyar takalmi, tsawon tafin hannu. A ƙulla shi tam a jikin madaurin, daga cikin inuwar tamfol, a bar jelarsa tana reto. Ruwan yana isowa ƙullin sai ya sauya hanya ya bi jelar ya ɗiga ƙasa. A yi haka ta kai da ta ƙafa, sannan a tabbata jakar tana tsakanin ƙullin da gadon. Idan ta faɗa tsakanin ƙullin da bishiya, aikin banza aka yi.

Maganar tufafi ita ce wadda na fi so a saurara da kyau, don ita ce ke iya taɓa lafiya. Mai gadon lilo iska tana ratsa shi ta sama da ta ƙasa. Da zarar ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da wajen digiri 20, bayansa zai fara jin sanyi, ko da rana an sha zafi. Wanda ya kwanta da rigar da ya wuni yana gumi a cikinta, tsakar dare zai farka yana kakkarwa. Dole a raba tufafi gida biyu: na tafiya da na barci. Na barci, wato riga, dogon wando, safa da hular sanyi, suna zama cikin jakar da ruwa ba ya shiga, ba a fito da su sai an gama ɗaura tamfol. Da gari ya waye a tuɓe su a mayar. A nan mutane ke karaya. Kayan jiya suna nan tsamo-tsamo, ga sanyin safiya, sai zuciya ta ce a tafi da busassun kawai. Wanda ya biye mata, kafin azahar duka kayansa sun jiƙe, daren ranar ba shi da abin sawa. A daure a mayar da jiƙaƙƙun. Tafiyar minti kaɗan jiki zai ɗumama su.

Su kuma jiƙaƙƙun kayan, ina za su kwana? Ba cikin gadon ba, kuma ba a igiyar da ke saman fuskarka cikin gidan sauro ba, inda za su yi ta ɗiga kan bargo. A matse su sosai, a ja wata igiya daban a ƙarƙashin tamfol, ta gefe, a shanya. Kada a shanya a fili da dare, raɓa za ta ƙara musu. Kada kuma a sa rai za su bushe ƙayau a kurmi mai laima. In sun sha iska sun rage nauyi, an ci riba. Auduga tana riƙe ruwa sosai, ga jinkirin bushewa, shi ya sa masu doguwar tafiya ke zaɓen ulu ko yadin roba. Bargon gashin agwagwa kuwa, da ya jiƙe sai gashin ya cure ya daina riƙe ɗumi, don haka ko jiƙaƙƙiyar safa kada ta raɓe shi.

Akwai masu tara sauran tufafinsu a ƙarƙashin baya don tare sanyi. Nauyin jiki yana danne su, iskar da ke cikin yadin ta fice, ɗumin ya tafi, kuma kafin tsakar dare sun zame sun dunƙule wuri guda. Abin da ke aiki shi ne bargon da ake ratayewa a wajen gadon ta ƙasa, wanda jiki ba ya dannewa, ko siririyar katifar soso. Rigar sanyi in ba a sa ta ba, a cusa ta cikin ƙaramar jaka a yi matashi.

Duk abin da aka ajiye sako-sako a cikin gadon lilo, gangarawa yake ya tare inda jiki ya fi nauyi. Haka ake wayar gari a kan karyayyen tabarau ko fasasshen gilashin waya. Makulli ko wuƙar da aka manta a aljihun baya kuma suna iya huda siririn nailan ɗin, ƙaramar huda ta zama doguwar yaga. A zazzage aljihu kafin a hau. Ƙananan kaya wurinsu ƙaramar jaka ce da ake ratayewa a igiyar saman gado: tabarau, waya, magani. Tocilar goshi a naɗe ta a igiyar daidai inda hannu zai same ta cikin duhu, kullum wuri ɗaya. Abu mai nauyi kamar cikakkiyar gorar ruwa ba na nan ba ne.

Takalmi a ƙulla igiyoyinsa a rataye, ko a kife shi kan sanda biyu ƙarƙashin tamfol. A dazukan Amurka beguwa tana gaigayar takalmi da madaurin jaka saboda gishirin gumi. A ƙasashe masu zafi kunama da gizo-gizo ne abin tsoro, don haka a kakkaɓe kafin a zura ƙafa.

Abinci ba ya kwana kusa da mutum, ko a jaka ko a gado. Inda akwai baƙar beyar (wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi), kamar a Appalachian Trail, in rataye shi za a yi, ƙa'idar ita ce ya zama nesa da makwanci wajen mita 60, sama da ƙasa kusan mita 4, nesa da gangar bishiya kusan mita 2. A gandun dajin Yosemite da ke jihar Kalifoniya kuwa rataya ma ba ta karɓu ba, doka ta tilasta amfani da gwangwani na musamman da beyar ba ta iya buɗewa. Abin da ake mantawa shi ne man goge baki, sabulu, man leɓe da ledar biskit da aka bari a aljihun jaka. Duk mai ƙamshi tare da abinci zai tafi. Inda babu beyar, ɓera yana nan, kuma zai huda jaka mai tsada don ƙwayar gyaɗa. Mai niyyar gwada wannan kwana a dazukanmu ya tuna da birai da tururuwa; duk wanda ya je sansanin Wikki a Yankari ya san yadda gwaggon biri ke fizge leda a hannun mutum.

A daren da ake zaton ƙanƙara, abu biyu ne ke kwana a jikinka: waya da batir, don sanyi yana zuƙe caji, sai matacin ruwa irin Sawyer, a cikin leda. Idan ruwan da ke cikinsa ya daskare, siraran bututunsa suna tsagewa ta ciki ba tare da alama a waje ba, mutum ya ci gaba da shan ruwan da bai tacu ba.

Bayan an dawo gida, tamfol da gado da madauri duk a warware a shanya a inuwa har su bushe sarai. Kwana biyu ko uku a dunƙule da laima sun isa fumfuna ta kama, kuma warinta da wuya ya fita. Barguna kada a bar su a matse cikin ƙaramar jakar tafiya. A zuba su sako-sako cikin babban buhun auduga ko a rataye, in ba haka ba gashin ya kwanta, tafiya ta gaba ba zai tashi kamar da ba.