Cire bakin kilim daga tabulon mota: inda ake yin ɓarna

Wata ranar Laraba da hantsi wani Alhaji ya shigo garejinmu da Corolla, ya fito riƙe da bakin kilim na tsakiya, wato ragar da iskar sanyi ke fitowa ta cikinta a tabulo, an raba shi gida biyu. Jikansa ne ya tura 'yar dala goma ta cikin ragar, kullum in aka hau hanyar Dakoro sai ta riƙa ƙara kamar an sa tsakuwa a gwangwani. Na ce, "Alhaji, wa ya cire?" Ya ce, "Yaron gida ne, wai aikin minti biyu ne." Na duba gefen tabulo, ga sawun turnabis har wuri uku, ya shiga kamar an yi wa ƙwarya zane. Dala goman kuwa tana nan ciki abinta.

Abin da yaron bai sani ba shi ne bakin kilim ba ƙusa ke riƙe da shi ba, ba kuma gam ba. 'Yan kunnuwa ne a bayansa, wasu na roba, wasu na ƙarfe mai ɗan lanƙwasa, suna kama leɓen ramin daga ciki. In ka danna daidai inda kunnen yake, da yatsa biyu ma zai fito. In ka danna tsakanin kunnuwa biyu, robar ce za ta lanƙwashe har ta tsage, kunnen yana nan bai motsa ba. Yawancin ɓarnar da nake gani daga nan take tasowa: ana sa ƙarfi a inda ba a san abin da ke riƙe da abin ba.

Turnabis shi ne mai laifi na farko. Ƙarfe ne, tabulo kuwa roba ce, a wasu motocin ma fata ce mai laushi da soso a ƙarƙashinta, duk inda ka jingina ƙarfe ka yi banƙara sai ya bar shaida, kuma ba ta gogewa. Akwai 'yan cokulan roba masu faɗin baki da aka yi musamman don wannan aiki, ana samunsu wajen masu sayar da kayan rediyon mota. In babu, tsohon katin roba mai tauri ko mariƙin buroshin haƙori da aka fiƙe bakinsa ya fi turnabis sau goma. In dole sai turnabis ɗin, to a naɗe bakinsa da ƙyalle, a manna tef ɗin takarda irin na masu fenti a gefen ramin, ninki biyu ko uku, ƙarfen ya hau kan tef.

Sai wurin da ake kamawa. Mutum zai zura yatsu cikin ragar ya cafki fuka-fukan nan da ke juya iska ya ja. Fuka-fukan nan a kan 'yan ƙusoshin roba suke juyawa, kaurinsu bai wuce na tsinken ashana ba, kuma wani siririn sanda ne ke haɗa su a baya don su motsa tare. Ka ja ɗaya, sauran su zube. Jikin bakin ake kamawa, wato zoben da ya kewaye ragar. Kafin ka taɓa komai, karkata fuka-fukan, haska fitilar salula ciki, ka nemi kunnuwan da idonka, galibi suna sama da ƙasa ko gefe da gefe. Ka sa cokalin dab da kunne ɗaya, ka ɗaga kaɗan har ka ji "ƙas", ka soka kati a wurin don kada ya koma, sannan ka wuce na gaba. In an gama sakinsu, a jawo abin miƙe zuwa ƙirjinka. Kada a karkata shi sama ko ƙasa, don wuyansa a cikin bututun iska yake zaune.

In ka saki kunnuwa biyu ko uku amma abin ya ƙi fitowa, tsaya. Kusan kullum akwai bis a ɓoye. A motoci da yawa bakin tsakiya haɗe yake da allon da ya kewaye rediyo, sai an fara cire na ƙasa, wani lokaci tun daga wajen giya ko wajen tokar taba, kafin na sama ya saki. Na gefen direba kuma wani sa'in yana jikin allon da ya kewaye agogon gudu. Motocin Japan galibi bis mai kan giciye gare su, su Peugeot da Volkswagen da Marsandi kuwa sun fi amfani da mai kan tauraro, Torx, sau da yawa lamba T20. Na sha ganin an sa turnabis mai giciye a kan tauraro an cinye kan bis ɗin, aikin rabin awa ya koma na yini.

Akwai kuma abin da ba kowa ke kawowa a rai ba, lokacin yin aikin. Motocinmu yawanci sun yi shekara goma sha biyar ko ashirin kafin su baro tashar Kwatano, sannan su zo su sha ranar Maraɗi. A watan Afrilu, in zafin waje ya haura digiri 40, saman tabulon motar da aka rufe a rana yana wuce 70. Shekara da shekaru a haka, robar takan bushe ta koma kamar ƙosai na jiya. Irin wannan roba in ta yi sanyi ta fi saurin karyewa, shi ya sa ba na yarda yarana su taɓa tabulo da sassafe a lokacin ɗari, sa'adda hunturu ke sauke sanyi ƙasa da digiri 15. A bar motar ta ɗan sha hantsi, ko a tayar da inji a kunna iskar zafi ta bi ta bakunan na minti goma. Amma ban ce a jira azahar ɗin bazara ba. A lokacin fatar tabulo ta yi laushi, ko cokalin roba ma sai ya lotsa ta. Ɗumin da bayan hannunka zai iya jurewa, shi ne daidai.

Batun waya ya fi duk waɗannan nauyi. A bakin tsakiya sau da yawa akwai maɓallin nan mai jan alwatika da ke kunna sigina huɗu, wani lokaci da agogo. Mutum ya ji kunnuwa sun saki, murna ta kama shi, ya fizgo, sai waya ta tsinke daga soket. A fito da shi tsawon yatsu huɗu kawai, a leƙa baya, a danna ɗan harshen soket ɗin sannan a zare. A wasu motocin siginar hagu da dama ta cikin wannan maɓalli take bi, in ba a mayar da shi ba sigina ba za ta yi ba, mutum ya tafi neman fis da ba abin da ya same shi. Gefen fasinja kuwa, can jakar iska ta haɗari take kwance. Duk waya ko soket mai launin rawaya da ka gani a cikin tabulo nata ne, ba ruwanka da shi. In aikin zai kai ka kusa da wurin, kashe mota, zare makulli, sa kile mai lamba 10 ka kwance kan batir mai alamar ragi (−), ka jira. Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90, wasu kamfanonin sun ce minti uku, ni dai minti goma nake ba ta, shayi ɗaya ne. Ka tabbata kana da lambar sirrin rediyo in irin mai neman lamba ne, kafin ka cire batir.

Kunnuwan ƙarfe suna da halin zamewa su tsaya a bakin ramin, ko su faɗa cikin bututu. Ƙirga su tun da ka fito da bakin. Wanda ya faɗa, maganaɗisu a ɗaure da siririyar waya zai ɗauko shi.

Wajen wanki ma ana ta'adi. Ƙurar hunturu takan daskare a fuka-fukan, sai wani ya sayo kwalbar fetur wajen 'yan ruwa-ruwa, ko ya ɗebo tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya jiƙa tsumma. Tina tana narka irin robar da ake kira ABS, fetur kuma yana dusar da launi ya bar ta fari-fari. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu da buroshi mai laushi sun isa, a shanya a inuwa. Soson da ke zagaye da wuyan bakin, in ya ruɓe a sa wani, in ba haka ba rabin sanyin a bayan tabulo zai ƙare.

In kunne ya riga ya karye, kada a ruga ga sufa gulu. Juya bayan abin, za ka ga an buga ABS ko PP, wato sunan irin robar. Sufa gulu ba ta kama PP, kuma tana barin farin tabo a kewaye. ABS na karɓar gam mai haɗi biyu. PP sai dai a narka da ƙarfen masu gyaran rediyo, a nutsa 'yar guntuwar waya a ciki ta zama ƙashi. In za a sayi wani wajen masu kayan tsofaffin motoci, nan gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohon a hannu. Corolla ta Amurka da ta Turai na shekara ɗaya ba tabulonsu ɗaya ba, na motar da sitiyarinta ke dama kuma a juye yake.

Da yawa ma ba su da dalilin cirewar. Mai jin wari ko raunin iska, matsalarsa tana can ciki, a matatar iska da ke bayan aljihun tabulo na gefen fasinja in motar tana da ita, ko a tukunyar sanyi da ƙura da danshi suka toshe. Ka cire bakin ka wanke shi fes, warin yana nan.

Ta Alhaji kuwa, bis biyu ne a ƙarƙashin allon rediyo yaron bai gani ba. Dala goman ta gangara can gwiwar bututu, da waya mai ɗan cingam a baki na lallaɓo ta. Na miƙa masa, ya juya ta a tafin hannu, ya tambayi kuɗin sabon baki. Da na faɗa, sai ya kira yaron a salula.