Yadda Ake Haɗa Takin Gargajiya don Garka da Gonar Wake a Damagaram

Ƙasar jigawa ta Damagaram ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma riƙe abincin shuka, shi ya sa mai garka a Mirya ko Gidimuni yakan yi ban ruwa da safe, kafin azahar ya tarar da fangalinsa ya bushe. Takin zamani yana ciyar da shuka na ɗan lokaci, amma ba ya sauya halin yashi. Takin gargajiya shi ne ke ba ƙasa jiki har ta iya riƙe laima. Sai dai sharaɗinsa guda ne, kuma a nan ne na ga manoma da yawa suna tafka asara: dole ne takin ya ruɓe sarai kafin ya shiga gona. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwar dashe, yana shigo da irin ciyawa, yana kuma iya ɗauko cuta zuwa ga salatin da za a ci ɗanye.

A haƙa rami a inuwa, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1, zurfinsa kuma kada ya wuce mita 1, domin idan ya yi zurfi da yawa iska ba ta isa ƙasansa. A shimfiɗa yankakken karan gero a ƙasa, sannan a zuba busasshen abu mai kaurin taƙi guda, wato ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da busasshen ganye, a bi shi da kashin shanu ko na awaki mai rabin wannan kauri, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa har ramin ya cika, a rufe da tsohuwar tabarma. Kashin kaji ya fi sauran ƙarfi, don haka kaɗan ake sawa. Toka ma idan ta yi yawa tana korar sinadarin azot, wato abincin shuka mai sa ganye ya yi kore, ya bi iska. Wanda zai ɗebo daga jujin cikin gari kuwa, lalle ne ya zauna ya tsince leda da kwalba, musamman matattun batura, saboda gubarsu tana zama a cikin ƙasa.

Ruwa yana da tsada a Zinder, saboda haka a san ma'auninsa. A dunƙula takin a hannu: idan ya haɗu bai ɗiga ba, ya yi daidai, idan ya wargaje, yana son ƙari, idan yana tsiyaya yana ɗoyi, an cika masa. A soka sanda har tsakiyar ramin a bar ta a can. Bayan kwana 3 zuwa 5, idan aka zaro ta aka ji ta da zafi da danshi, aikin ya kankama, kuma wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. A riƙa juya takin duk bayan mako 2, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya huce, ya yi laushi, ya riƙa ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Mai shirin noman rani a Nuwamba ya kamata ya cika raminsa tun Agusta, lokacin da ga ɗanyar ciyawa ga ruwan sama kyauta.

Kayan lambu suna da ci. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5 yana bukatar kilo 10 zuwa 15, a cakuɗa shi da ƙasar sama mako guda kafin dashe, kada a bar shi a fili rana ta cinye. Kabeji da tumatir suna son a ƙara musu cikin hannu a gindi bayan wata guda. Karas kuwa ya fi kyau a fangalin da aka zuba wa taki tun lokacin shukar da ta gabata, domin sabon taki yana sa saiwarsa ta yi rassa.

Wake da gyaɗa da gujiya lissafinsu daban ne, tun da suna samo azot daga iska ta hanyar ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsu. A tuge wake guda lokacin da ya fara fure, a fasa ƙulli ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Idan aka cika musu taki sai su yi ta yaɗo, a sami harawa mai yawa amma 'ya'ya kaɗan. Cikin hannu ɗaya a kowane gurbi lokacin shuka ya wadatar. Abin da suka fi rasa a ƙasarmu shi ne fosfor, wato abincin shuka mai ƙarfafa saiwa, don haka wanda ya sami garin dutsen fosfat na Tahoua ya barbaɗa shi cikin ramin tun wajen jeri, domin ruɓewar tana taimaka masa ya narke. Bayan girbi a yanke harawa a bar saiwar a ƙasa, badi kuma a shuka gero a wurin, a mayar da waken gurbin geron.