Yadda Ake Zaɓen Tukunyar Itace Mai Ɗumama Gida

A ƙasashen sanyi irin su Jamus, a wasu gidaje tukunyar nan ce ke dafa ruwan da ke bin bututu yana ɗumama ɗakuna.

1. Auna faɗin gidanka da murabba'in mita.

2. Tsohon gida mai zubar da ɗumi yakan ci kusan wat 100 a kowace mita, sabo kuwa wajen rabin haka. Tsohon gida mai mita 150 ke nan yana buƙatar tukunya mai ƙarfin kilowat 15 (wat 15,000).

3. Kada girma ya ruɗe ka. Tukunyar da ta fi ƙarfin gida wutarta cin rowa take yi, kwalta ta taru a bututun hayaƙi har gobara ta iya tashi. Wannan kuskuren ya fi damuna.

4. Haɗa mata tankin ajiyar ruwan zafi. Dokar Jamus ta gindaya aƙalla lita 55 ga kowane kilowat.