Yadda na magance duhun hotunan biki da sauya gilashin kyamara

Kyamarata Canon ce, kuma gilashin da ya zo da ita shi ne 18-55mm (yawan lambar mm, yawan yadda yake zuƙo abu kusa), wanda bai taɓa ba ni kunya ba a duwatsun Shere da rana tsaka. Matsalar ta bayyana ne a wani kamu da aka yi a Jos bayan magariba, inda fuskar amarya ta fito dishi-dishi, domin da zarar na zuƙo zuwa 55mm, ƙofar da haske ke shiga gilashin takan tsuke daga f/3.5 zuwa f/5.6 (yawan lambar f, ƙarancin haske).

Da farko na yi niyyar sayen 18-135mm saboda nisan da yake kaiwa. Sai na duba bayanan da kyamara ke ajiyewa a jikin kowane hoto, na tarar yawancin aikina yana tsakanin 20mm da 50mm. Ashe haske nake buƙata, kuma shi ma 18-135mm ɗin a f/5.6 yake ƙarewa. Na aro 50mm f/1.8 na gwada, amma a irin kyamarata daidai yake da 80mm, wato yana zuƙo abu kusa sosai, har na jingina da bangon falo ban haɗa dangin ango a hoto ɗaya ba.

Daga ƙarshe na sayi Sigma 17-50mm na hannu a Abuja, wanda ƙofarsa ke zama a f/2.8 ko'ina aka murza shi, wato ninki huɗu na hasken da nake samu a da idan na zuƙo. Kafin in biya, na haska fitilar waya cikinsa don tabbatar babu funfuna, domin damshin damina na ɓata gilashi. Ya fi tsohon nauyi, wuyana kuwa ya shaida hakan a bikin farko.