Kafin ka goge Windows ka ɗora Linux, duba kayan cikin kwamfutarka tukuna

Tun da Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025 nake ta shan tambaya iri ɗaya a nan Abuja, wai kwamfutata ta ƙi karɓar Windows 11, in koma Linux ne, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake ɗorawa a madadin Windows? Dalilin a fili yake, Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfutar, da furosesa ta Intel ƙarni na 8 zuwa sama, alhali da yawa daga cikin tokumbon da muke saya a Banex Plaza da sauran shagunan Wuse ƙarni na 6 ne ko na 7, lafiyarsu ƙalau, kawai an rufe musu ƙofa ne. Ni ina goyon bayan a koma Linux ɗin, gaskiya abin takaici ne a jefar da kwamfuta mai rai. Amma akwai abin da ya samu ƙanina da ba na so ya samu kowa.

Yaron yana karatu a Gwagwalada, wani abokinsa ya goge masa komai ya ɗora masa Linux cikin awa ɗaya, ya dawo gida Kubwa da murna, da dare ya buɗe zai yi aikin makaranta sai ya ga ko alamar Wi-Fi babu a kusurwar allo, kamar ba a taɓa halittar ta a cikin na'urar ba. Ya kira ni muryarsa na rawa, Yaya an lalata min kwamfuta. Ba abin da ya lalace. Direba ce babu.

Direba ƙaramar manhaja ce mai aikin tafinta tsakanin Windows ko Linux da wani ƙarfe da ke cikin kwamfutar, katin Wi-Fi, katin hoto, kamara, firinta. A Windows kamfanin da ya ƙera ƙarfen shi ke rubuta tafintan, saboda can kasuwarsa take. A Linux kuma yawancin direbobi suna zaune ne a cikin kanal, wato zuciyar tsarin, shi ya sa sau da yawa kana kunnawa komai ya tashi ba ka sauke komai ba. Matsalar tana zuwa ne in kamfanin bai saka direbarsa a kanal ba kuma ya ɓoye bayanin yadda ƙarfen ke aiki, sai 'yan sa kai su yi ta lalube. Saboda haka sunan da ke bayan murfi, HP ne ko Dell ko Lenovo, ba shi ne zance ba, kwamfuta biyu masu suna ɗaya lamba ɗaya za ka iya buɗe su ka tarar katin Wi-Fi ɗinsu daban.

To abu na farko, tun Windows tana nan da ranta, ka tambaye ta me ke ciki. Buɗe Device Manager, shiga Network adapters, danna dama a kan na Wi-Fi ka zaɓi Properties, sannan Details, a jerin ka nemo Hardware Ids. Za ka ga VEN_ da haruffa huɗu a gabansa. 8086 Intel ne, ka kwantar da hankalinka. 168C Atheros ne, shi ma yawanci lafiya lau. 10EC Realtek ne, wannan sai an gwada, wasu irinsu RTL8821CE a da sai da wahala, yanzu sabbin kanal sun ɗauke su. 14E4 Broadcom ne, nan ka shirya, da yawansu sai an ɗora direba daga baya. Ka yi haka a Display adapters, in ka ga 10DE to Nvidia ce. Ɗauki hoton duk wannan da wayarka.

Kafin ka taɓa BIOS kuma, wato saitin da ke tashi kafin Windows, dan Allah ka duba ko BitLocker, mai kulle faifai a Windows, a kunne yake, in a kunne ne ka nemo makullin nan mai lambobi 48 a asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda. Ka kwashe fayilolinka zuwa wani wuri.

Na biyu shi ne wanda abokin ƙanina ya tsallake, kuma shi ne mafi muhimmanci, gwaji daga filashi ba tare da ka ɗora komai ba. Nemi filashi mai giga 8, sauke Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, bai kai giga 3 da rabi ba, wani nau'in mai suna Ubuntu 24.04 kuwa ya kusa giga 6 don haka mai lissafin data ya san inda zai nufa, ka rubuta shi a filashin da manhajar Rufus ko Ventoy. Kashe kwamfutar ka kunna kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, ka zaɓi filashin. Linux zai tashi gaba ɗayansa daga filashin, Windows ɗinka tana gefe ba wanda ya taɓa ta. A nan kar ka yi sauri. Haɗa Wi-Fi ka buɗe bidiyo ka ji ko sauti na fita, saka abin kunne ka cire, haɗa Bluetooth da wayarka, gwada kamara, danna maɓallan ƙara haske da rage shi, jona HDMI da talabijin in kana aiki da majigi. Sannan rufe murfin ka jira minti biyu ka buɗe ka gani ko za ta farka, mutane suna mantawa da wannan, kuma a garin da wuta ke zuwa tana tafiya kwamfutar da ba ta iya barci ta farka batirinta ba zai kai ka ko'ina ba.

In Wi-Fi bai fito ba kar ka tsorata. Jona wayarka ta Android da kebul ka kunna USB tethering, Linux na ganinta nan take ba ruwansa da direba. Da intanet ya samu sai ka buɗe Driver Manager a Mint, ko Additional Drivers a Ubuntu, zai nuna maka abin da ya rage. Mai son tabbatarwa ya buɗe Terminal, tagar rubuta umarni, ya rubuta lspci -nnk, duk ƙarfen da aka rubuta Kernel driver in use a ƙarƙashinsa yana da mai kula da shi. Bayan ka ɗora Linux na dindindin, in Secure Boot, wani saitin tsaro da ke cikin BIOS, a kunne yake, direba irin ta Broadcom za ta iya neman ka ƙirƙiri kalmar sirri, da ka sake kunnawa wani shuɗin allo zai fito, ka zaɓi Enroll MOK ka saka kalmar, in ka wuce shi da sauri direbar ba za ta tashi ba ka zauna kana zargin Linux. Wata hanyar kuma a canza katin Wi-Fi ɗin da na Intel wajen mai gyara, sai dai wasu tsofaffin HP da Lenovo BIOS ɗinsu ba ya karɓar katin da ba ya cikin jerinsa, a gwada a gabanka kafin ka biya.

Katin hoto na Intel da AMD ba abin faɗa, suna aiki. Nvidia ka ɗora tata direbar daga Driver Manager ɗin, ta 'yan sa kai da ake kira nouveau tana nuna hoto amma ba ta fitar da ƙarfin katin.

Inda nake so masu shagon buga takardu su tsaya su saurara shi ne firinta, domin nan abincin mutum yake. HP tana da tarin direbobi mai suna HPLIP a Linux, ya ɗauki firintocinta masu yawan gaske, amma irin su LaserJet 1020 da P1102 da suka cika shagunanmu sai ka ƙara musu wani ɗan guntu da umarnin hp-plugin, kuma yana buƙatar intanet lokacin. Canon LBP2900 kuwa tana magana da wani yare nata da ake kira CAPT, ana iya sa ta aiki amma da gumi, ban ba wanda kwastoma ke tsaye a kansa shawarar ya shiga wannan ba. Sababbin firintoci masu AirPrint ko IPP Everywhere su ne masu daɗi, in suna kan Wi-Fi ɗaya da kwamfutar da kansu suke bayyana. Ka kai filashinka shagon ka buga takarda ɗaya ta gwaji, ka ga ta fito da idonka. Wani zai ce maka ai akwai Wine, eh Wine na gudanar da wasu manhajojin Windows amma ba ya gudanar da direbobin Windows, don haka mai aiki da na'urar ɗaukar zanen yatsa wadda manhajarta ta Windows ce kaɗai ya bar wannan kwamfutar yadda take, in ya so ya gwada Linux a wata.

Kar kuma a ɗauka Windows ba ta da nata matsalar. Tsohuwar sikana da kamfaninta ya daina yi mata direba tun zamanin tsohuwar Windows mai 32-bit ta mutu a Windows 11, amma sau da yawa ka jona ta a Linux sai SANE, tarin direbobin sikana na Linux, ya tashe ta. Haka a kwamfutoci masu Intel ƙarni na 11 za ka zo ɗora Windows ta ce ba ta ga faifai ba sam, sai ka ba ta direbar Intel RST, tsarin Intel na sarrafa faifai, daga filashi. Wannan RST ɗin yana hana manhajar ɗora Ubuntu ganin faifan ita ma, maganin a mayar da saitin faifan zuwa AHCI a BIOS, amma in kana so Windows ta zauna a gefe kar ka canza kai tsaye, za ta iya ƙin tashi, sai an bi ta Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da muhimman direbobi kaɗai. Kuma a Windows ka nemi direba a shafin kamfanin da lambar na'urarka, Service Tag in Dell ce, ka rabu da manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka direbobi duka a danna ɗaya.

Ta ƙanina dai a daren muka jona wayarsa da kebul, Driver Manager ya nuna direba guda ɗaya, muka ɗora, muka bi shuɗin allon, Wi-Fi ya dawo kafin dare ya yi nisa. Ɗan wurin dangwala yatsa da ke gefen kibod ɗinsa ne har yau bai yi aiki ba, da kalmar sirri yake shiga.