Yadda Ake Saita Kyamarar Fim Fuska Ta Fito Tangaran

Bayan ƙaramar Sallah wani yaro a layinmu na Aboabo a Kumasi ya kawo min fim ɗaya da ya kai aka wanke masa, hoto 36. Bangon masallaci ya fito tangaran, har tsagar siminti ana gani, amma kawunsa da abokinsa da ke tsaye a gaba sun zama dishi-dishi kamar an ɗauke su cikin hazon hunturu. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Saiti ne bai iya ba, kuma fim ba waya ba ce da za ka goge ka sake.

Fara da sanin wadda ke hannunka. Irin su Nikon FM2 da Pentax K1000 kai za ka juya zoben lensi da yatsunka. Minolta 7000 ta 1985 da Canon EOS 650 ta 1987 su ke saita kansu da zarar ka ɗan taɓa maɓalli. Ni mai koyo kyamarar da ake saitawa da hannu nake miƙa masa, ba na tsayawa gardama. FM2 ko batirinta ya mutu tana ɗauka, ma'aunin haske kawai za ka rasa. EOS 650 kuwa in babu batirin 2CR5 ta zama dutse, kuma sai ka sha yawo tsakanin kasuwannin Adum da Kejetia kafin ka dace da shi.

To, ga inda kowa ke faɗuwa. In ka leƙa tagar FM2, wato inda ake sa ido, za ka ga ɗan da'ira a tsakiya an raba shi biyu, sama da ƙasa. Shi za ka kalla, ka manta da sauran hoton. Masu koyo dukkan fili suke ƙare wa kallo, ido ya ce musu ya yi, su danna. Nemi abu mai layi a tsaye: karan hanci, gefen hula, bakin mayafi. Ɗora da'irar a kai, za ka ga layin ya karye, rabin sama ya goce gefe. Juya zobe a hankali har su haɗu. Kada ka tsaya nan. Wuce kaɗan har ya sake karyewa, sannan ka dawo. Wannan komawar ce ke nuna maka ainihin wurin. K1000 ta gama-gari ba ta da rababben da'ira, ɗigo-ɗigo ne masu ƙyalli, sai ka juya har ƙyallin ya kwanta.

Idan rabin da'irar ya yi baƙi, ko dai idonka bai daidaita da tagar ba, ko kuma lensin mai zuƙowa ne mai ƙarancin haske, irin f/5.6 (lambar ƙofar haske ke nan, in ta yi girma hasken da ke shiga ya ragu). Ajiye shi ka nemi 50mm f/1.8, yana cikin masu arha a tsofaffin lensi, kuma ya fi su amfani. Sai dai a f/1.8, mutum yana nesa da kai mita ɗaya da rabi, abin da zai fito sosai bai kai taki ɗaya ba. Ka gama saiti ka ɗan rusuna gaba, ka ɓata aikin. Manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka danna daga inda kake.

Mai saita kanta ma tana da nata wautar, ita ce ta ci yaron nan. Tsofaffin idon saiti ɗaya gare su, ɗan akwati a tsakiyar taga. Mutum biyu suka tsaya, idon ya bi ta tsakaninsu ya kama bango. Ɗora akwatin tsakiya a kan fuskar ɗaya, danna maɓalli rabi, riƙe, gyara tsayuwar hoton, sannan ka ƙarasa. Farar jallabiya ta ranar idi kuma rikita ta take, ka ji lensi yana ta kai da kawo. Auna aikin wuyan rigar, ko hula.

A cikin cunkoson filin idi babu lokacin wannan duka. Sa fim mai lamba 400 (lambar saurin kama haske), ƙofar haske f/11, zobe a kan mita 5. Da lensin 50mm, duk wanda ke tsakanin mita 3 zuwa 10 zai fito, sai ka kula da haske kawai.